BABBAR MOTA DA ƘARAMA A HAƊARIN TAHO-MU-GAMA

Jawabin wayar da kan direbobi da masu motoci a unguwar Nassarawo, Jimeta, Jihar Adamawa



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tashoshin mota da garejin makanikai, tun daga tashar Jambutu har sauran garuruwan ƙasar nan. Wai motar da ƙarfe ce zalla, ta zamani kuwa gwangwani ce; wai wanda ke cikin tsohuwar babbar mota ba ya tsoron karo. Makasudin wannan jawabi shi ne mu auna maganar, mu tsame gaskiyar da ke cikinta, mu zubar da kuskuren, domin kuwa rayuka sun rataya a kanta.

Motocin da ake nufi ba baƙi ba ne a gare mu. A shekarar 1975 aka soma harhaɗa Peugeot, watau Fijo, a Kaduna, da kuma Volkswagen a Legas. Zamanin tsohuwar Jihar Gongola, daga 1976 zuwa 1991, Fijo 504 ce sarauniyar hanya. Toyota Starlet kuwa, wadda aka daina ƙerawa a 1999, har yanzu tana jigilar fasinja a wannan jiha.

INDA MAGANAR TAKE DA GASKIYA

Lalle nauyi yana da amfani. Idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, mai nauyi ce take tura marar nauyi baya. Ga misali. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,200, kusan nauyin 504, da wata mai kilo 800, kusan nauyin Volkswagen Beetle, kowacce tana gudun kilomita 60 a sa'a. Da sun haɗu, babbar za ta ci gaba da gudun kilomita 12, tana tura ƙaramar. Ke nan gudun babbar ya ragu da kilomita 48. Ita kuwa ƙaramar an tsayar da ita cak, sa'an nan aka mai da ita baya, canjin gudunta ya kai kilomita 72. Wannan canji na farat ɗaya shi ne jikin fasinja yake sha. Na farko daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 9, na biyu kuwa daga mita 20.

Amma fa gaba da gabanta. A hanyar Numan ko ta Mubi, abin da direba zai tarar idan ya bar hannunsa sau da yawa tirela ce ko tankar mai. Idan wannan mota mai kilo 1,200 ta gamu da tirela mai tan 30, kowacce a gudun kilomita 60, gudun tirelar zai ragu da kamar kilomita 5 kacal, canjin da motar za ta sha kuwa ya kai 115. A gaban tirela duk motar hawa ƙarama ce.

INDA MAGANAR TA KAUCE

Kuskuren shi ne ɗaukar cewa taurin ƙarfe shi ne kariya. Wanda ya faɗo a kan katifa da wanda ya faɗo a kan siminti tsayi ɗaya suka faɗo, amma katifa ta tsayar da nata a hankali. Haka mota take. Tun a 1959 kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya fito da mota wadda gabanta da bayanta suke lotsewa da gangan don su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja kuwa aka ƙarfafa shi don kada ya matse. A shekarar ce kuma injiniyan kamfanin Volvo na Suwidin, Nils Bohlin, ya kawo bel ɗin da ke riƙe ƙirji da ƙugu. Saboda haka idan kuka ga gaban motar zamani ya yi raga-raga alhali mutanen ciki sun fito da ƙafarsu, ku sani motar ta yi aikinta ne.

An gwada wannan a fili. A shekarar 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora da ke binciken haɗarin mota a Amurka ta gwara Chevrolet Bel Air ƙirar 1959, ƙatuwar mota, da Chevrolet Malibu ƙirar 2009, kowacce a gudun kilomita 64, da mutum-mutumi a mazaunin direba. Ɗakin tsohuwar ya rufta, sitiyari ya taso wa direba a fuska. Ɗakin sabuwar bai matse ba, raunin da aka auna bai wuce na ƙafa ba. A wannan shekara dai cibiyar ta gwara ƙananan motocin zamani da matsakaita, kamar Toyota Yaris da Camry, ƙananan suka sha kashi. Darasin ke nan guda biyu: idan zamanin ƙira ɗaya ne, babba ta fi, idan zamani ya bambanta, girma ba ya rufe tsufa.

Ga kuma abin da shekaru suke yi wa mota. Tsatsa tana cin ƙarfen ƙasa ta inda ido ba ya gani. Motar da ta taɓa karo aka miƙe ta, aka yi mata walda da fenti, ba ta komawa ƙarfinta na asali. Tsofaffin 504 da Beetle ba su da jakar iska, ita Beetle ma injinta a baya yake, tankin mai ne a gaban direba. Mafi haɗari duka ita ce motar da ta haɗa ƙanƙanta da tsufa, sa'an nan aka yi mata lodin da ya wuce kima.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Ba kowa ne ke da halin sayen sabuwar mota ba, amma kowa yana da halin kiyaye waɗannan:

1. Ku ɗaura bel, gaba da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar mazauna gaba da kusan rabi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta ɗaura shi tun 2003.

2. Kada a cusa mutum biyu a kujerar gaba. Bel ɗaya na mutum ɗaya ne. Kada kuma a rungumi yaro a gaba, domin a lokacin karo babu hannun da zai iya riƙe shi.

3. Ku rage gudu. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi. Ƙa'idar ƙananan motoci ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya.

4. Kada ku wuce mota a kwana, ko kan tudu, ko kan gada, ko cikin hazo. Motoci biyu masu fuskantar juna a gudun kilomita 80 suna cinye mita 44 kowace daƙiƙa. Tazarar mita 200 ba ta kai daƙiƙa biyar ba.

5. Kada ku shiga hannun wani don kauce wa rami sai kun tabbata babu mai tahowa.

6. Ku sa bakanike ya duba birki, taya, fitilu da ƙarƙashin mota kafin doguwar tafiya.

7. Idan haɗari ya auku, ku kira lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122.

Fasinjoji, ku ma kuna da haƙƙi. Wanda ya biya kuɗin mota yana da ikon ya ce wa direba ya rage gudu, ko ya ƙi shiga motar da aka yi wa lodin ganganci. Shugabannin tasha kuwa, amana ce a wuyanku kada ku bar motar da ba ta da lafiya ta ɗauki mutane.

Jama'a, babu motar da aka ƙera wadda taho-mu-gama ba ya cutar da na cikinta. Kariyar da ta fi kowacce ita ce kada a yi karon sam. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kai kowa gida lafiya.