MATSATTSUN HARUFFA MASU DUNDUNIYA A RUBUTUN TSUTSA: SIFFARSU DA AMFANINSU



Mai karatu yakan kula da abin da aka rubuta, ba safai yake kula da irin harafin da aka buga shi da shi ba. Amma a wurin ma'aikatan ɗab'i kowane irin harafi da aikinsa. Wanda za a duba yau ya haɗa siffofi uku, kowace da asalinta.

Siffa ta farko ita ce dunduniya, watau ɗan layin da ke gicciye a ƙarshen sandar harafi. A wannan iri dunduniyar tana da kauri, kusan daidai da sandar kanta. Vincent Figgins ne ya fito da shi a Landan wajen 1815, lokacin da 'yan kasuwa ke neman harafin da za a hango daga nesa a takardun talla. Turawa sun laƙaba masa sunan Masar, ko da yake ba abin da ya haɗa shi da ita, illa ɗokin da suke yi da wannan ƙasa tun bayan yaƙin Napoleon na 1798.

Ta biyu ita ce karkata, abin da ake kira rubutun tsutsa. Wannan ta girmi dunduniya nesa ba kusa ba, domin tun 1501 Aldus Manutius ya buga littafi da ita a birnin Venis ta Italiya. Ta uku kuwa matsewa ce, watau a rage faɗin harafi, a bar tsawonsa, don kalmomi da yawa su shiga ƙaramin fili.

In aka haɗa ukun, dunduniya takan ba harafi nauyi, karkata ta sa ya yi kamar mai sauri, matsewa ta yi tattalin takarda. Saboda haka ya dace da kanun labarai, da allunan shaguna, da sanarwar wasanni. Amma bai dace da doguwar magana ba, domin cikin haruffan ya ƙuntata, dunduniyoyi suna gogar juna, ido kuwa yakan gaji tun ba a je ko'ina ba.

Ga Hausa akwai ƙarin matsala, ta haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Lanƙwasar tana bukatar fili a saman harafi. In aka matse shi, aka kuma karkatar da shi, sai ta shige jikin maƙwabcinta, ko tawada ta cike ta. Nan take baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ma'ana ta rikice.

Don haka, kafin maɗaba'a ta zaɓi wannan harafi don buga Hausa, wajibi ne ta gwada waɗannan haruffa uku a kan takarda, ta ba wani ya karanta daga nesa. In sun fito sosai, a yi kanun labari da shi. In ba su fito ba, a nemi wani.