Idan Jariri Yana Kaɗa Kai: Lacca ga Iyaye da Masu Raino



Batun da aka ba ni ya sha hana masu goyo barci: jariri ya riƙa kaɗa kai dama da hagu. Uwa ta tsorata, kaka ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce iska ce, wata ta ce baki ne ya kama shi. Roƙona a gare ku shi ne a daina kallon kan shi kaɗai, a kalli yaron gaba ɗaya.

Kan jariri babba ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, ga wuya bai yi ƙwari ba. Sai wajen wata 4 yake iya riƙe kai sosai. Jinjiri kan jujjuya kai yana laluben nono, wannan halitta ce. Tsakanin wata 6 zuwa 9 yara da yawa sukan fara murza kai a shimfiɗa idan barci ya zo, wasu har su riƙa buga shi a katifa. Lallashin kansu suke yi, kuma yawancinsu sukan bari kafin shekara 3. Wani ma wasa ne zalla: ya kaɗa kai, yayyensa suka tuntsire da dariya, sai ya ƙara.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ki kira sunansa, ki tafa hannu, ki ɗauke shi. Idan ya daina, ya kalle ki, yana shan nono, jikinsa ba zafi, to ki kwantar da hankalinki. Wasa ana iya katse shi. Jijjiga ba ta jin kira.

Idan zazzaɓi ya shigo, magana ta canja. Yaron da ke kaɗa kai yana jan kunne, yana tsandara kuka da an kwantar da shi, sau da yawa ciwon kunne ne. A kai shi a haska, kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne sanƙarau, kuma mu ba baƙinsa ba ne: annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Kada ku jira sanƙarewar wuya, domin a jariri ba lallai ta bayyana ba. Ku taɓa maɗiga. Idan ta kumbura, yaro ya ƙi nono, ya yi laushi ko ya kasa farkawa sosai, wannan tafiyar asibiti ce ko da tsakar dare.

Akwai wata cuta da nake so mu tsaya a kanta, don ita ce ta fi ɓuya. Wani likita a Ingila, William West, ya bayyana ta a 1841, kuma a jikin ɗansa na cikinsa ya gan ta. Nau'in farfaɗiya ce ta jarirai, ta fi kamawa tsakanin wata 3 da shekara ɗaya. Ba faɗuwa, ba kumfar baki. Kai ne zai duƙa gaba farat ɗaya, hannuwa su buɗe, gwiwoyi su takure zuwa ciki, daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya saki. Jim kaɗan ya sake, ya sake, a jere, musamman da ya tashi daga barci. Sai a ce firgita ce ko murɗar ciki, a ɗura masa jiƙo. A hankali yaron da ke murmushi ya daina, wanda ya fara zama ya koma kwance. Tana da magani, ana gane ta da gwajin ƙwaƙwalwa a manyan asibitoci irin na koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Amma jinkiri yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba. Haka nan idan kai na kaɗawa, ƙwayar ido na rawa, wuya ya karkace, likitan ido ya kamata ya gan shi.

Haƙori kuwa, an ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba. Yana sa dalala da ƙaiƙayin dadashi, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko jijjiga. Ku tuna maganin haƙorin nan My Pikin, wanda daga ƙarshen 2008 ya halaka yara aƙalla 84 a ƙasar nan saboda gubar da ke cikinsa. Wanzami ma ba shi da aiki a nan. Cire beli ba ya hana kaɗa kai.

Idan jijjiga ta zo, a kwantar da yaro a gefensa, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura komai, kada a turara masa hayaƙi. A yi tofi, ban hana ba, amma a yi shi a kan hanyar asibiti. Kuma duk tsananin kuka, kada wani ya girgiza jariri don ya yi shiru, domin hakan na iya fasa jijiyoyin jini a cikin kansa, ya makance ko ya rasu.

Wayar hannunku ma tana da amfani. Yaro ba zai yi abin a gaban likita don an ce ya yi ba, saboda haka ku ɗauki bidiyo, fuska da hannuwa da ƙafafu duk su fito.

Kira na ƙarshe ga maigida. Sau da yawa uwa ta ga alama tun da hantsi, amma tana jiran izini har bayan isha'i. Ku ba da izinin tun yau, ku ajiye kuɗin mota inda hannunta zai kai. Allah Ya raya mana zuri'a.