KARATUN MUHALLI A JAMI'A: BASHIN DA BIRNI KE BIN 'YA'YANSA



Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya same ni a zaure ransa a ɓace. Ya ce ya so ɗansa ya karanta likitanci, sai ga shi an ba yaron gurbi a fannin kula da muhalli. Ya ce da ni, "Malam, duk wahalar nan da na sha, ashe karatun shara da magudanar ruwa zai yi?" Amsar da na ba shi a ranar ita nake son in maimaita a gabanku yau.

Waɗanda suka tashi a cikin ganuwa irina sun san kududdufai. Kakanninmu sun haƙa su ne don ɗiban ƙasar gini, amma idan damina ta sauka, su ne ke shanye ruwan unguwa. Yau an cike da yawansu da shara, an yanka filaye, an ɗora gidaje da shaguna. Shi kuwa ruwa ba ya manta hanyarsa. Da ya rasa masauki sai ya shiga ɗakunan mutane, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta faɗi a kan masu barci.

Haka nan muna yara mun ga jakuna suna shigowa ta ƙofofin gari da itace da hatsi, su koma ƙauye da mangaloli cike da taki daga jujin unguwanni. Sharar birni ita ce abincin gona, gona kuma ita ce abincin birni. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba. Abin da muke gani kullum ba mu ɗauke shi komai ba, shi ne ya zama darasi a jami'o'in duniya. Da leda ta mamaye juji, sai wannan tsari ya raunana.

Ku dubi kuma Jakara, wadda ta ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi. Tana kwashe dattin gari, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta nufi madatsar Wasai. Da wannan ruwa ake ban-ruwan wani ɓangare na ganyen da ke dawowa kasuwanninmu. Ita ko ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134, ta jure ƙarnuka, amma a zamaninmu aka ci gefenta.

To, wa zai auna gubar da ke cikin ruwan nan? Wa zai zana taswirar da za ta nuna inda bai kamata a yi gini ba? Wa zai faɗa wa hukuma, da hujja da lissafi, cewa cike kududdufi kaza zai jawo ambaliya a unguwa kaza? Wannan shi ne aikin mai karatun muhalli. Yana koyon ilmin ƙasa da yanayi, da gwajin ruwa a ɗakin bincike, da tsara birane, da dokokin da suka wajabta a binciki illar kowane babban aiki kafin a fara shi. Likita yana jiran mai amai da gudawa a asibiti, shi kuwa wannan yana tare cutar tun daga bakin rijiya. Rigakafi dai ya fi magani.

Ba sai an ƙetare teku ba. Jami'ar Bayero tana da tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli, tana kuma da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, wadda aka kafa a 2012. Wurin aiki ma akwai: ma'aikatun muhalli, hukumomin tsara birane, masana'antu, da shirin nan na shingen itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Kano kuma tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, ƙungiya ta ware wani kaso na tallafin karatunta ga masu wannan fanni. Na biyu, a sharɗanta musu su yi binciken kammala digirinsu a kan unguwanninmu, su kawo mana kwafi. Na uku, ku da Allah Ya hore wa, idan aka yi muku tallan fili a kan kududdufi, ku haƙura, kome arharsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.