Idan Mabiyiya Ta Tare Hanya

 

Yau maganar mabiyiya za mu yi. Kowa ta san bayan ɗa take fitowa. To, amma wani lokaci sai ta zauna can ƙasa ta tare bakin mahaifa, ko kuma ta kafe a jikin mahaifar ta ƙi rabuwa, musamman ga wadda aka taɓa yi wa aiki. Alamar wadda ta tare hanya ita ce jini ja wur a watannin ƙarshe, babu ciwo. Kin ga haka, kada ungozoma ta sa hannu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Hoton ciki ke nuna inda take, shi ya sa kullum muke cewa a je awo.

Irin wannan haihuwa sai da tiyata, kuma jini kan ɓalle sosai. Likita yana da dabaru hawa-hawa. Da fari allura, don mahaifa ta tsuke. In bai tsaya ba, akwai ɗinkin da ke ɗaure mahaifa tamau kamar an ɗaure kaya, wanda Likita B-Lynch ya bayyana a Ingila a 1997. Ana kuma iya ɗaure jijiyoyin da ke kai mata jini. In duk sun ƙi, ko mabiyiyar ta kafe ƙwarai, sai a cire mahaifar.

Na san nan ne gabanki zai faɗi. Gaskiya ne, haila da haihuwa sun ƙare. Amma zaman aure yana nan yadda yake, kuma 'ya'yanki sun fi bukatar ki da rai.

Don haka ki zauna da maigida tun ciki bai tsufa ba. Ya ba ki izinin fita ko da tsakar dare ne. In zai tafi cin rani, ya faɗi wanda zai sa hannu a takardar aiki. A nemi 'yan uwa masu ba da jini, a san motar da za a ɗauka. In an ce ki haihu a Sakkwato, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Maryam Abacha, ki tafi kafin naƙuda ta taso.

Allah Ya sauke mu lafiya, Ya raya abin da muka haifa. Sai mako mai zuwa.