Zazzaɓin Yara Da Damina

Yau maganata da ku ce, iyayen yara na ƙasar Batsari da ta Safana, tun daga Ruma da Wagini har Runka da Zakka. Ga damina ta kankama, gero ya yi tsawo, ruwa ya kwanta a kowane kududdufi. A wannan lokaci ne ɗakin magani ya kan cika da yara masu zafin jiki. Yawancinsu kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya kawo su.

Ku san yadda cutar take. Macen sauro ce take ɗauke da ƙwayoyinta, da dare take cizo. In ta ciji yaro, ƙwayoyin su shiga hanta su hayayyafa, bayan kamar kwana 10 su fito cikin jini su dinga farfasa shi. Babba ya sha fama da ita, jikinsa ya ɗan saba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 bai saba ba, jininsa kuma kaɗan ne. Shi ya sa abin da zai kwantar da uba kwana biyu ya kan ɗauke ɗansa cikin kwana biyun nan. In aka kasa masu wannan cuta na duniya kashi 4, kamar kashi 1 a Nijeriya suke.

Akwai maganin tsari. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yaran ƙasashe irin namu wannan magani kowace damina, a 2013 kuwa aka fara a waɗansu ƙananan hukumomin Jihar Katsina. Na yara ne daga wata 3 har su kusa cika shekara 5. Sau ɗaya a wata ake zagayowa da shi gida gida. Ranar farko ma'aikaci ya ba yaro a gabanki, uwargida, ya bar miki ƙwaya biyu, ɗaya ta gobe, ɗaya ta jibi. To, a nan ne ake ɓata aikin. Na sha shiga gida in tarar da ƙwayoyin nan a ƙulle a bakin zane, ko cikin kwalla. In na tambaya, sai a ce an ajiye ne don ranar da yaro ya kwanta. Wannan kuskure ne. Maganin tsari ba na warkarwa ba ne, wanda bai sha na kwana ukun ba kuwa kamar wanda ya yi wa gona shinge ne ya bar gefe guda a buɗe. Ku haɗa da gidan sauro kowane dare, ko da zafi ake yi.

Yanzu ga babbar maganar. Kun fi ni sanin abin da ya sami garuruwan da ke gefen dajin Rugu. A 2019 mutane da yawa suka bar ƙauyukansu suka taru a garin Batsari, waɗansu har Katsina. Shekarun nan sun koya mana tafiyar dare ba abin dogara ba ce. Ko babu tsoron kowa, ga rafi ya kan kawo ruwa, ga mai babur ba ya samuwa bayan isha'i. Zazzaɓi kuwa bai san dare ba. Saboda haka in kin taɓa yaro da safe kin ji jikinsa da zafi, ranar nan za a kai shi, tun rana tana sama. Kada a ce bari a ga yadda zai kwana.

Malam maigida, na san aikin gona ya yi yawa, na kuma san mata da yawa ba sa fita sai da izininka. To, ka ba da izinin tun yau. Ka ce mata, duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi ba ka nan, ta ɗauke shi ta tafi, ka kuma bar mata kuɗin babur. Na ga yaron da aka riƙe a gida tun hantsi har magariba ana jiran uban ya komo daga gona. Da aka iso da shi washegari sai da muka tura shi babban asibiti neman ƙarin jini.

Kada kuma ku ce haƙora ne. Fitar haƙori ba ta sa jiki ya yi zafi rau. A ɗakin magani za a ɗan soki yatsan yaro a ɗiga jini, cikin minti 20 a san ko cizon sauro ne. In shi ne, maganin da aka fi bayarwa na kwana 3 ne, safe da yamma, sau 6 ke nan. A ba shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo. Yaro zai warware a rana ta biyu ya tashi wasa, amma a ƙarasa masa, kada a raba wa ƙanensa. Kulorokwin da muka saba da shi a dā ƙwayoyin cutar sun gagare shi, tun 2005 gwamnati ta sauya shi. Farasitamol kuwa zafi kaɗai yake saukarwa, ba ya kashe cutar.

Akwai alamun da ba a jira ko sa'a guda. Yaro ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da kome, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko numfashinsa ya yi sama sama, ko ya yi jijjiga. Wannan sai asibiti, Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, wanda ya fi kusa. In ya yi jijjiga, ku kwantar da shi a gefensa, ku rage masa tufafi, ku shafa masa ruwa mai ɗan ɗumi. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome, kada a turara shi da hayaƙi, gama zai iya shaƙewa. Addu'a kuwa a yi ta, ana tafiya ana yi.

In masu rabon maganin tsari sun zo sun tarar da yaro yana zazzaɓi, ba za su ba shi ba, za su ce a kai shi gwaji. Kada ranku ya ɓaci, haka aka umarce su. Ku adana katin da suka ba ku, za su tambaye shi wata mai zuwa.

Sai mako na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.