Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Jawabi Kan Tattara Hankali Ga Aiki



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni dama in ce wani abu game da matsalar da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wato kasa tsayar da hankali a kan aiki ɗaya har a ga bayansa. Ma'aikaci ya kwana uku da fayil a gabansa bai sa hannu ba. Ɗan kasuwa ya yi wata bai daidaita lissafinsa ba. Wani takardun fansho ne yake ta cewa sai gobe, har wa'adi ya wuce. Ba ƙyuya ce kaɗai ke jawo haka ba. Hankali ne ya rarrabu.

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta bazu a Nijeriya, kowannenmu ya ɗauki kasuwa sukutum ya sa a aljihu. Wata malama a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Gloria Mark, ta daɗe tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci kan tsaya a kan abu ɗaya a kwamfuta kafin ya koma wani. A 2004 ta sami kimanin minti biyu da rabi. A littafin da ta fitar a 2023 kuwa, abin ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Jama'a, wane aikin kirki ake gamawa cikin daƙiƙa 47?

To, mu tambayi kanmu: yaya aka yi muka iya karatu a makaranta, alhali muna yara masu son wasa? Amsar ita ce, ba a bar mu da ƙarfin zuciyarmu kaɗai ba. Malamanmu sun yanka mana yini gunduwa-gunduwa. Kowane darasi da lokacinsa, karatun dare da ajinsa, barci da ƙa'idarsa. Tsari ne ya riƙe mu. Yau babu mai tsara mana, saboda haka tilas kowa ya zama shugaban makarantar kansa. Ga hanyoyi huɗu.

Na farko, a rage lomar. Ku dubi yadda ake yi a tsangaya: malam ba ya rubuta wa almajiri izu guda a rana. Abin da allo zai ɗauka yake ba shi, in ya riƙe ya wanke, a ƙara masa. Kada ka ce yau za ka gama rahoto. Ka ce za ka rubuta shafin farko.

Na biyu, a sa wa aiki iyaka. Wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, a ƙarshen shekarun 1980 ya ɗauko agogon ɗakin girki ya riƙa auna karatunsa da shi. Tsarin da ya fitar shi ne aikin minti 25, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. A cikin minti 25 ɗin nan, waya ta tafi wani ɗaki. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na uku, a ambaci lokaci da wuri. Masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya bayyana a 1999 cewa wanda ya ƙayyade yaushe da kuma ina zai yi abu ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya ga buri kawai. "Zan duba littafin shago" buri ne. "Gobe bayan karin kumallo, a zaure, zan duba littafin shago" shiri ne.

Na huɗu, a ba jiki haƙƙinsa. Likitoci sun ce baligi na bukatar barcin aƙalla awa 7. Wanda ya raba dare yana latsa waya, kada ya zargi ƙwaƙwalwarsa da safe. In kuwa rashin natsuwar ya ɗauki makonni, tare da kasala ko baƙin ciki, a je asibiti. Ƙarancin jini da ciwon damuwa duk sukan zo da wannan siffa, kuma suna da magani.

'Yan'uwa, 'ya'yanmu suna kallonmu. Uban da ba ya iya ajiye waya na rabin awa, da wane baki zai ce wa ɗansa ya zauna ya yi shirin jarrabawa? Ina roƙon kowa, kafin ya kwanta yau, ya rubuta aiki ɗaya tak da ya daɗe yana gudu, ya sa masa lokaci. Da yayyafi kogi kan cika.