Idan Jinin Al'ada Ya Ragu: Jawabin da Aka Yi a Zauren Mata

Ni ce mai yi wa jami'ar kariya tafinta. Mata da yawa sun riƙa zuwa ofishinmu da tambaya iri ɗaya: tun da muka tsallako iyaka jinin al'adata ya ragu, ko wani ciwo ne ya kama ni? Mun zauna da ungozomar asibiti ta yi mana bayani, shi ne na kawo muku.

Da farko, mu san abin da yake daidai. Daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da na gaba zai fara, yawanci kwana 21 ne zuwa 35. Shi kansa jinin yana ɗaukar kwana 2 zuwa 7, kuma duk abin da ke zuba bai cika wuce babban cokali 2 zuwa 3 ba. Kowace mace da yadda Allah ya yi ta. Saboda haka kada ki auna kanki da kishiyarki ko maƙwabciyarki, ki auna da yadda kika saba.

Me ke sa ya ragu? Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa a cikinta don tarbar ciki. In ciki bai shiga ba, shimfiɗar ce ke zubowa. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin wannan aiki. Idan mace tana cikin fargaba, ba barci, ba isasshen abinci, ta yi doguwar tafiya a ƙafa, ta rame, sai jiki ya rage wannan aikin don ya tattala ƙarfinsa. Shimfiɗar sai ta yi siriri, jinin ya zo kaɗan, ko ya yi jinkiri. Mafi yawanci idan hankali ya kwanta, jiki ya murmure, yakan koma yadda yake.

Akwai wasu dalilan. Mai shayarwa takan yi watanni ba ta gani ba, in ya dawo ya fara da kaɗan-kaɗan. Mai yin allurar tazarar haihuwa ta wata 3, ko mai ashana a dantse, ko mai shan ƙwayoyi, takan ga ɗigo kawai, wata ma ya ɗauke mata gaba ɗaya. Yarinyar da ta fara al'ada, shekarun farko ba ya zuwa mata a kan tsari. Haka ma wadda ta doshi shekara 45 zuwa 55, lokacin da al'ada ke shirin tsayawa.

Ga maganar da nake so ku riƙe: jinin bai taru a ciki ba. Ba wani ƙulli da yake yi a mara. Ba a yi shi da yawa ba ne, shi ya sa bai fito da yawa ba. Don haka don Allah kada a sha jiƙon kanwa, ko sassaƙe, ko ƙwayar da aka saya a kan tebur a kasuwa, wai don a buɗe hanyar jini. Mace na iya kasancewa da ƙaramin ciki ba ta sani ba, domin farkon ciki kan zo da ɗan ɗigon jini mai kama da al'ada. Shayarwa ma ba kullum take hana ɗaukar ciki ba. A sha irin waɗannan, a jawo ɓari da zubar jinin da zai iya tafiya da rai. Abu na farko shi ne gwajin fitsari a asibiti, mintoci kaɗan an gama.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Idan jini ya zo kaɗan bayan jinkiri, ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ga jiri ko suma, yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa. A tafi nan take, ko da tsakar dare ne. Haka idan akwai zazzaɓi da ruwa mai wari.

A ga ungozoma kuma idan an yi wata 3 babu jini kuma babu ciki. Idan raguwar ta biyo bayan wankin ciki. Idan akwai tari mai daɗewa da rama da gumin dare. Idan wuya ya kumbura. Ko idan jini ya dawo bayan shekara guda da tsayawar al'ada. Kafin ki je, ki riƙa ɗaure ƙulli a zare kowace ranar da kika ga jini. Wannan lissafin zai taimaka wa ungozoma.

Iyaye, ga roƙona. Idan 'yarku ta ce al'adarta ta ragu ko ta ɗauke, kada a fara da duka da zargi. Abin da idonta ya gani a hanya kaɗai ya isa ya dagula mata jiki. Ki jawo ta a hankali, ki raka ta asibiti. Maza kuma da za a karanta wa wannan takarda, kada ku hana matanku zuwa.

Idan kuwa wani ya ci zarafin mace ko yarinya da ƙarfi, laifin ba nata ba ne. Maganin kariya daga sida yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, wato kwana 3. Na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ko lokacin ya wuce, a zo, akwai taimako. Abin da aka faɗa a ofishin kariya sirri ne, ni mai fassarawa ma an ɗaure ni da wannan amana.

Kunya ado ce, amma mai ɓoye ciwonsa, ciwo ba zai ɓoye shi ba. Allah ya ba mu lafiya, ya maida mu gida cikin aminci.